Jifan kare ba jarumta ba ce

Yau zan taɓo maganar da na san wasu za su ce, "Kai ma dai, duk matsalolin Kano ka rasa ta ɗauka sai ta kare?" To ku ɗan ba ni aron kunnuwanku.

Duk wanda ya tashi a cikin gari ya san abin da ke faruwa idan kare ya ɓullo lungu, ko a bakin kududdufi, ko kan bola a gindin ganuwa. Yara ne za su bi shi da jifa, manya na kallo suna dariya. Karen da aka saba jifa ya riga ya ɗauki ɗan Adam abokin gaba. Ranar da aka ritsa shi ya rasa hanyar gudu, cizo zai yi, kuma yawanci ƙaramin yaro ne a gabansa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon haukan kare na kashe kusan mutum 59,000 a shekara, galibi a Afirka da Asiya, kusan kashi 40 cikin 100 yara 'yan ƙasa da shekara 15.

Ba mu saba da gidajen ajiye karnukan da aka tsinto irin na Ingila ba, amma abin da ma'aikatansu ke koya ba ya buƙatar gini. Karanta jikin dabba ne. Kare ya kwantar da kunne baya, ya cusa jela tsakanin ƙafafu, yana lasar baki, to tsoro yake ji. Kar ka tsura masa ido, kar ka ruga. Ka tsaya cak, ka naɗe hannu, ka ɗan juya masa gefe. Gurnani kuwa gargaɗi ne. Mai dukan karensa don ya yi gurnani, koya masa yake ya ciji mutum ba sanarwa. Wannan nake so 'yan farauta da masu karen gadi su ji. Ɗan guntun nama a daidai lokacin da ya yi abin da kake so ya fi bulala aiki, wallahi. Ɗaure shi da sarƙa cikin ranar Kano ba ruwa ba inuwa kuma, mugunta kawai yake ƙara masa.

Masu cewa ai najasa ne, ku tambayi malamanku: a mazhabar Malikiyya kare mai rai ba najasa ba ne. Kuma Bukhari ya ruwaito labarin mutumin da aka gafarta wa don ya shayar da kare mai ƙishi.

Sai dai fa, karen da ke dalalar da yawu, yana tangaɗi, yana cizon duk abin da ya gani, wannan ba na lallashi ba ne. A janye yara, a kira ma'aikatan dabbobi. In an yi cizo, a wanke wurin da sabulu da ruwa na minti 15, a wuce asibiti ranar, kar a tsaya shafa gargajiya, don da zarar alamun ciwon sun bayyana kusan ba a tsira.

Masana sun ce in aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan yanki allura, cutar na yankewa. A Vom ta jihar Filato ma ana yin allurar. Kafin 28 ga Satumba, ranar yaƙi da cutar ta duniya, kowa ya tuntuɓi mai unguwarsa a san karnuka nawa ne a unguwar da masu su, a kai su asibitin dabbobi na Gwale. Sai mun haɗu a shiri na gaba.