Jawabi ga manoma: kada mu dogara ga iri guda



A ƙasar Holan ana noman tumatir cikin ɗakin gilashi, babu ƙasa. Saiwa tana shan ruwan da aka gauraya da taki. Amma aikin yana cin kuɗi ƙwarai.

Mu tamu dabara tana hannu: haɗa shuka. Layin hatsi, layin wake. Wake yana ƙara ma ƙasa ƙarfi, yana rufe ta, laima ta daɗe. Ga harawa don bisashe.

A garka kuma, mu dasa zogala gefen fangalin salati da tumatir. Tana tare iska, ga ganyen kwaɗo.

In iri guda ya ƙi, ɗayan zai ciyar da iyali. Allah ya ba mu damina mai albarka.