Wanke Hannu a Ɗakin Magani

 Yau maganarmu a kan hannu ce.

Ɗakin magani matattarar cuta ce, gama kowa da tasa yake zuwa. Ƙwayoyin cuta ƙanana ne ƙwarai, ido ba ya ganinsu sai da madubin likita. Hannu ne jakinsu: shi ke ɗauko su daga miki ko kashin majiyyaci, ya kai su bakin mai lafiya. Kun dai ga yadda amai da gudawa ya yi ɓarna a ƙasar Zamfara cikin 2021.

A 1847, a asibitin birnin Biyana, wani likita wai shi Semmelweis ya ga cikin wata guda mata masu jego 18 cikin 100 sun mutu da zazzaɓi. Ya tilasta wa likitoci wanke hannu da ruwan kulorin kafin su taɓa mace. Nan da nan mutuwar ta koma wajen 2 cikin 100.

To, mai jinya, ga abin yi. Wanke hannu kafin ka ba majiyyaci abinci ko magani, da bayan ka taɓa mikinsa ko ka zubar da fo. A cuɗa da sabulu har tsakanin yatsu da ƙarƙashin farce, kamar daƙiƙa 40 zuwa 60. In babu sabulu, toka ta fi babu. A zuba ruwan da buta, kada kowa ya tsoma hannu cikin tasa ɗaya.

In malamin asibiti zai ɗaure maka miki, ko ungozoma za ta karɓi haihuwa, ba rashin kunya ba ne a ce, "Malam, ga sabulu."

Allah ya ba mu lafiya, amin.