WANDA YA BA DA ODA SHI KE DA ALHAKI

Jawabin da anka yi wa jama'a a Jiratawa



Magana ɗaya ta tara mu yau. In an kama mutum da sunan tsaron ƙasa, anka kulle shi, ya mutu a kulle, wa za a tambaya? Mu malaman lakwal masu koya wa ɗiyanku karatu, amsarmu ita ce: a tambayi mai makulli, a kuma tambayi wanda ya ba shi oda, har a kai ga mai babbar kujera.

Ba sai mun tafi nesa neman misali ba. Jam'iyyar Sawaba ta Djibo Bakary ta ce a'a a ƙuri'ar 28 ga Satumba 1958, anka hana ta a watan Oktoba 1959. Da Nijar ta samu 'yancin kai ran 3 ga Agusta 1960, jam'iyya ɗaya ta rage, RDA, shugaba Diori Hamani. A watan Mayu 1964 anka kama mutane da yawa nan Jiratawa bisa zargin bin Sawaba, anka cusa su ɗaki guda cikin zafin bazara. Mutum 21 sunka mutu don rashin iska. Talakawa ne irinmu, kuma babu alƙalin da ya yanke musu hukuncin kisa.

Jama'a, ɗaki ba ya kulle kansa. Gardin da ya ja ƙofa yana da na gaba da shi, na gaba da shi yana ƙarƙashin minista, minista yana ƙarƙashin shugaban ƙasa. Amma ministan cikin gida na lokacin, Diamballa Yansambou Maïga, ya ci gaba da riƙon kujerarsa har 1974. Hausawa kan ce babu mugun sarki sai mugun bafade. To, wa ya naɗa bafaden? Wa ya ji abin da ya aikata ya kuma bar shi a fada?

A watan Oktoba 1964 mayaƙan Sawaba sunka shigo ƙasa da bindigogi. Gwamnati ta ci ƙarfinsu, anka harbe huɗu a bainar jama'a a Yamai. A watan Afrilu 1965 anka jefa wa Diori gurneti a filin Idi, kamu ya ƙaru, anka kai mutane kaso da sansanoni irin na Agadas. Ba mu ce gwamnati ta naɗe hannu in an ɗauko mata makami ba. Abin da muke cewa shi ne, wanda ya shiga hannu ya zama amana. Cinsa, shansa, iskar da yake shaƙa, duk suna wuyan wanda ya ce a riƙe shi.

Ku dubi yadda abin ya juya. Ran 15 ga Afrilu 1974 soja ƙarƙashin Seyni Kountché sunka tuɓe Diori, anka tsare shi shekaru ba shari'a. Boubou Hama, shugaban majalisar dokoki, shi ma ya ɗanɗani kason Agadas. Djibo Bakary da ya komo gida, anka kama shi a 1975, ya yi shekaru a tsare. Na RDA da na Sawaba duk ƙofa guda ta rufe su. In za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere.

Duniya ta daɗe da yanke wannan magana. A shari'ar Nuremberg ta 1945 zuwa 1946, anka ce wa manyan Jamus faɗin "an umurce ni" ba ya wanke mutum. A 1946 anka rataye Janar Yamashita na Japan don ta'asar da sojansa sunka yi a Filifin bai hana su ba. Yarjejeniyar Janeba ta 1949 ta hana kashe wanda ya shiga hannu, ko azabtar da shi, ko wulakanta shi, ko da yaƙin na cikin gida ne. Kada wani ya ce wannan dokar Turawa ce. Ran 30 ga Mayu 2016, a Dakar, alƙalai 'yan Afirka sunka yanke wa Hissène Habré, tsohon shugaban maƙwabciyarmu Cadi, ɗaurin rai da rai. Cikin shaidun har da takardun 'yan sandansa na asiri, waɗanda sunka nuna labarin fursunoni yana isa gare shi.

Mu ma nan gida mun taɓa gwadawa. Babban taron ƙasa na 1991 ya binciki kisan ɗalibai uku na 9 ga Fabrairu 1990 a gadar Kennedy ta Yamai, da kashe-kashen Cintabaraden na watan Mayu 1990. Shugaba Ali Saibou da kansa ya zo gaban taron ya amsa tambayoyi. Ran nan talaka ya ga ashe ana iya tambayar babba. Amma aikin bai ƙare ba. A 2020 hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta ƙasa ta ba da rahoton gawa 71 da ta tarar cikin kaburbura a yankin Inates, jihar Tilaberi, ta kuma ɗora laifin bisa wasu sojoji.

Kada a ce masu wannan magana maƙiyan soja ne. Sojan nan ɗiyanmu ne, ƙannenmu ne, wasu daga bencin lakwal ɗinmu sunka tashi, kuma suna ba da ransu wajen tsaron ƙasa. In babba ya ba da oda da baki, abu ya ɓaci, ƙaramin ake miƙa wa. Neman alhaki bisa shugabanni kariya ce ga ƙaramin soja kamar yadda take kariya ga talaka.

Don haka ga abin da muke nema ga kowace gwamnati, ta farin kaya ko ta kaki:

1. Duk odar kamu ta zama a rubuce, da suna da sa hannun wanda ya ba da ita.
2. A rubuta sunan wanda anka kama da inda yake, a kuma sanar da iyalinsa.
3. A kai shi gaban alƙali cikin kwanakin da doka ta yanke.
4. In ya mutu a tsare, likita ya duba gawa, a yi bincike, minista ya yi bayani gaban jama'a.
5. A tattara sunayen mutum 21 na Jiratawa daga bakin dattawa tun suna raye, a koya wa yara.

Na biyar ɗin nan ba ya jiran izinin kowa. Mu muna da alƙalami da takarda, ku dattawa kuna da sunaye. Mu fara tun wannan mako.

Allah ya jiƙan waɗanda sunka riga mu. Allah ya ba ƙasarmu lafiya. Wassalam.