Jawabin Sakataren Ƙungiya a Taron Makiyaya da 'Yan Kasuwar Shanu a Garwa

Iyayenmu arɗo-arɗo, dattawa, 'yan uwa makiyaya da dillalai, ina yi muku barka da zuwa. Waɗanda suka taso daga Tuboro da Poli, sannunku da hanya.

An ce in yi magana a kan jandarma da kotu da 'yan kwana-kwana. Ni ba ɗan boko ba ne, firamare na tsaya, saboda haka abin da idona ya gani zan faɗa.

Bara waccan an kore wa wani ƙanena shanu da dare. Da asuba muka hau babur zuwa ofishin jandarma mafi kusa, tafiyar kusan awa uku. Mutum biyu muka tarar. Suka karɓi maganarmu da mutunci, sannan babban ya nuna mana motarsu a gindin bishiya, ya ce babu mai, kuma in suka tafi su biyu wa zai tsare ofis? Muka sayar da ɗan maraƙi muka zuba mai. Kafin mu kai wurin, sawun ya kwana biyu, iska ta share shi. Ban kawo wannan don in zagi kowa ba. Mutanen nan su ma ba su ji daɗi ba. Amma ku lura: jangali mun biya, kuɗin kasuwa muna biya, ga shi kuma mun biya kuɗin mai. Abin da gwamnati ta kasa sakawa a ofis, daga garkenmu yake fita.

Ku dubi girman ƙasar. Yankin Arewa ɓangare huɗu ne: Binuwai, Faro, Mayo-Luti da Mayo-Rai. Mayo-Rai kaɗai ya fi murabba'in kilomita 36,000, ya fi rabin yankin duka, kuma ya yi iyaka da Cadi da Afirka ta Tsakiya. Can ne dabbobinmu suka fi yawa, can ne kuma hukuma ta fi nisa da mutane.

Matsalar ba ta yau ba ce. Ina yaro ina bin shanun babana lokacin da aka rage albashin ma'aikatan gwamnati har sau biyu a 1993, aka kuma karya darajar sefa da rabi a Janairun 1994. Gwamnati ta tsuke ɗaukar ma'aikata. A waɗannan shekaru ne zargina masu tare hanya suka yi ƙarfi, daga baya suka koma ɗauke 'ya'yan makiyaya suna neman fansa. Dattawan da ke nan sun san gidaje nawa suka tashi a kan haka. An kafa rundunar BIR a 2001 don yaƙar su, kuma gaskiya hanya ta yi sauƙi. To amma daga 2014 yaƙin Boko Haram ya ja sojoji zuwa wajen Marwa da Mora da Kolofata, rikicin yankin masu Turancin Ingilishi kuma ya ja wasu daga 2017. Ɓarawo ya fi kowa sanin ranar da mai gadi ya yi tafiya.

Kuma soja, komai ƙarfinsa, ba ya yanke shari'a. Nan ne na fi so mu tsaya. A kama ɓarawo a kai shi kotu, a sa rana, mai shanu ya bar garkensa ya biya mota ya zo, a ce an ɗaga. Ya sake zuwa, a sake ɗagawa, don alƙali ɗaya ne ga tarin takardu, ko kuma shaida bai samu kuɗin mota ba. Zuwa na uku mutum ya ce ya bar wa Allah. Ranar da ya daina zuwa, shari'ar ta raunana, gobe sai ka ga ɓarawon a kasuwar Adumri ko Ngong yana taya sa.

Haka rikicin gona. Dokar 1978 ta ba kwamiti ƙarƙashin sufurefe ikon sasanta manomi da makiyayi. Amma kwamiti ba ya tashi sai an samu abin hawa, kuma mun san wanda ake cewa ya kawo. In mai ƙara ne ya ɗauki nauyin tafiya, yaya ɗayan zai yarda da hukuncin?

'Yan kwana-kwana kuwa, lambarsu 118 ce, kuma a cikin Garwa suna aiki. Gobarar daji da ke cinye mana ciyawar rani ba ta gansu ba tukuna, ban kuma ga laifinsu ba. Mu ci gaba da share layin wuta da kanmu bayan kaka.

Yanzu ga abin da shugabanni suka ce in isar. Duk wanda aka tsare, dokar da ta fara aiki a 2007 ta ce awa 48 ne, ana iya ƙara 48, bayan haka sai da izinin mai gabatar da ƙara na gwamnati a rubuce. Ku ƙirga awannin, ku kira mu. Akwai kuma dokar 2009 da ta tanadi taimakon shari'a ga marar hali. Ofishinmu zai taya ku rubuta takardar nema. Duk kuɗin da aka ce ku biya, ku nemi rasit. In an hana, ku riƙe rana da wuri da adadi.

Dalili shi ne, in muka je gaban gwamna muna neman ƙarin jandarma da mota da alƙalai, tambayar farko ita ce, ina shaida? Mu kuwa kunya da tsoro sun sa muna biyan fansa a ɓoye, sai takardun Yawunde su nuna lafiya lau muke. Saboda haka mun buɗe littafi. Kowane arɗo zai kawo satar da aka yi a ƙasarsa, da wanda aka ɗauke, da abin da aka biya, ba sai an sa sunan mutum ba. Ina nan bakin ƙofa da littafin har la'asar, mutanen Tuboro su fara zuwa tunda hanyarsu ta fi nisa.