Matambayi Ba Ya Ɓata: Jawabin Yaye Ɗaliban Ajin Kimiyya da Lissafi a Zongon Kumasi

 

Mai martaba Sarkin Zongo, Allah ya ja zamaninka. Limamanmu da malamanmu, Allah ya gafarta muku. Sarakunan ƙabilu da wakilansu, Magajiya da iyayenmu mata, malaman makaranta, iyayen yara, da ku 'ya'yana da jikokina da muka taru dominku, assalamu alaikum wa rahmatullah.

Na gode wa waɗanda suka ɗora mini nauyin yin magana a wannan rana. Yaranmu daga Aboabo, da Asawase, da Sabon Zongo, da Alabar sun shafe hutunsu suna awo, suna ƙirga, suna gwaji. Yau za a ba su takardar shaida. Kafin nan ina roƙon ku ara mini kunnuwanku, domin magana ɗaya ce na zo da ita: kimiyya da lissafi ba baƙi ba ne a Zongo. A gidajenmu suke kwana, kuma tambaya ce mabuɗinsu.

Ni ɗan mai goro ne. Malamina na farko a lissafi mahaifina ne, Allah ya jiƙansa, wanda bai taɓa zama a aji ba. Da safe sai ya kwance huhu, ya baje goro a kan tabarma, ya yayyafa ruwa a ganye, mu zauna tsinta: fari gefe, ja gefe, mai sankara gefe. Hannunsa na aiki, bakinsa na jefo mini tambaya: "Ƙwarya 12 ce, kowace ƙwarya goro 100. A kowace mun fitar da 8 masu sankara. Nawa suka rage?" In na ce 1,104, ba ya cewa madalla. Sai ya ce, "Ta yaya ka sani?" Sai na nuna masa hanyar da na bi, sannan ya gyaɗa kai. Na koyar shekaru masu yawa, amma ban sami tambayar da ta fi wannan amfani ba.

Kakanninmu da suka taso daga Kano da Katsina suka ratsa daji zuwa Salga da Gwanja neman goro, da lissafi suka zo. Sun ƙirga wuri dubu-dubu, sun auna kwanakin tafiya da guzurin jakuna, sun san ganyen da ke riƙe laima kada goro ya bushe a hanya. Masu masaukinmu Asantawa kuwa da ma'aunan tagulla suke awon garin zinariya, kowane ma'auni da sunansa da nauyinsa. Kuɗin da ke aljihunku ma, sidi, daga sunan wuri a harshensu ya samo asali. Lokacin da Baturen Ingila Bowdich ya iso Kumasi a 1817, zamanin Asantehene Osei Bonsu, ya tarar da malamai Musulmi a garin nan, suna karantarwa, suna yi wa fada rubutu da Larabci. Ashe allo da tawada sun daɗe a Kumasi.

Ga kuma wani suna da nake so kowane yaro ya tafi da shi gida: Muhammadu ɗan Muhammadu al-Katsinawi. Mutumin Katsina ne, ya tafi aikin hajji, a 1732 ya rubuta littafi a kan yadda ake jera lambobi cikin gidajen murabba'i, ta duk inda ka tara su jimilla ɗaya za ka samu. Ya rasu a Alƙahira a 1741. Hatimin nan mai gida 9 da kuka cika a aji, wanda a tsaye da a kwance da a karkace duk 15 yake bayarwa, a kan sawunsa kuka taka. Malamanmu na gado ma, in suna raba dukiyar mamaci, rabi da rubu'i da sumuni, sulusi da sudusi, lissafin gutsattsarin lamba suke yi. Al-Khawarizmi na Bagadaza, wanda daga littafinsa aka sami sunan aljabara, ya keɓe babban sashe na littafin ga matsalolin gado da wasiyya. To wa ya ce makarantar allo da ajin lissafi ba sa ga maciji? Uwa ɗaya ta haife su.

Jiya na leƙo ajin nan, na ga abin da ya cika mini zuciya. Wata yarinya ta jera kofuna 3 na sobolo, wato ruwan zoɓorodo. Na farko ta bar shi yadda yake. Na biyu ta matsa masa lemun tsami, ya yi ja wur. Na uku ta ɗiga masa ruwan kanwa, nan take ya rikiɗe ya yi duhu, ya karkata wajen kore. Na ce, "'Yata, me ya sa kika bar na farkon?" Ta ce, "Baba, in ban bar shi ba, da me zan gwada in san sauran sun canza?" Jama'a, wannan amsa ita ce ginshiƙin duk wani gwaji da ake yi a manyan ɗakunan bincike na duniya. Da za a gwada sabon magani, haka ake yi: a bai wa wasu, a bar wasu, a kwatanta. Abin da yarinyar ta gani kuwa shi ne launin zoɓorodo yana canzawa gwargwadon tsami ko kanwar da ya haɗu da ita. Iyayenmu mata masu dafa shinkafa da wake, wadda garin nan kaf ke kira waakye, sun san aikin kanwa tun tuni: ita ke tausasa wake, ita ke fito da jan karan dafi. Mai koko kuma ta san cewa ƙullun da ya kwana ya fi tsami, ko da ba ta ga ƙananan halittun da ke aikin a cikinsa ba. Madafin gidanku ɗakin gwaji ne. Ku shiga da ladabi da buɗaɗɗen ido.

Na kuma ga sandar da kuka kafa a tsakar fili kuna auna inuwarta. Ladanai sun riga ku: da karkatar inuwa ake sanin shigar azahar, da tsawonta ake sanin la'asar. Kumasi tana kusa da tsakiyar duniya, shi ya sa sau biyu a shekara, farkon Afrilu da farkon Satumba, rana kan tsaya daidai bisa kanmu da tsakar rana, inuwar sanda ta shige ƙarƙashinta. Ku jira ranar, ku gani da idonku, domin gani ya kori ji. Da inuwa irin wannan ne wani masani a Iskandariyya ta Masar, Eratostenis, ya auna girman duniya fiye da shekara 2,200 da suka wuce.

Tafkin Bosomtwe kuma yana nan kusa, tafiyar kilomita kamar 30. Masana sun tabbatar da cewa wani ƙaton dutse ne ya faɗo daga sararin sama fiye da shekara miliyan ɗaya da ta wuce, ya haƙa ramin. Ta yaya suka sani? Sun duba duwatsun wurin sun ga alamun narkewa da matsanancin duka. Sun tsinci gutsattsarin dutse mai kama da gilashi har a Kodebuwa, suka tarar shekarunsu ɗaya da ramin. A 2004 suka haƙa ƙasan tafkin suka ciro shaida. Ba su ce a yarda da su don girman sunansu ba. Hujja suka ajiye a fili.

Yanzu ga inda zancen ya fi damuna. A da, jita-jita da ƙafa take yawo. Yau a waya take, ta WhatsApp da TikTok, kuma ba ta sallama. A 2014, lokacin annobar Ebola, saƙo ya bazu a Nijeriya cewa a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha. Mutane suka kwanta asibiti, wasu suka rasa rayukansu. A nan Zongo, nawa ne daga cikinmu aka kira a waya aka ce an yi kuskuren turo mana kuɗi, mu mayar? Nawa ne suka zuba jarinsu wurin mai alkawarin ninka kuɗi? 'Ya'yana, ku ɗauki alli. Sidi 100, in ana ninka shi kowane wata, a shekara ɗaya ya zama 409,600. A shekara 2 ya haura biliyan ɗaya da rabi. Mai irin wannan sirri me zai yi da sidi 100 na mai sayar da ƙosai? Yaron da ya iya wannan lissafi ya tsare gumin uwarsa.

Don haka guzurin da zan ba ku tambayoyi 3 ne. Me ya sa? Ta yaya aka sani? Yaya zan gwada? Ku yi su ga saƙon waya, ga mai tallar magani a tasha, ga littafin makaranta, har ga maganar da ku kanku kuka fi so ta zama gaskiya. In gwaji ya nuna kun yi kuskure, ku karɓa, ku gyara. Kuma ku yi tambaya da ladabi, ku rusuna, ku saurari amsa har ƙarshe. Ilimin da ya sa yaro ya raina uwarsa, bai karɓe shi ba.

Iyaye 'yan'uwana, yanzu gare mu. Sau nawa yaro ya tambaye mu me ke kawo tsawa, ko me ya sa kwata ke ambaliya a Aboabo duk damina, muka ce masa ya cika surutu? Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma a nan ne kuma ake karya shi. In ba ka san amsa ba, ka ce, "Ban sani ba, zo mu bincika." Ba abin kunya ba ne. Imam Malik, da duk iliminsa, an san shi da yawan faɗin bai sani ba. Ina kuma roƙon alfarma domin 'yan mata. Yarinyar da ta iya ba da canji a kan farantin talla cikin hayaniyar kasuwar Kejetia ba tare da ta yi kuskuren kwabo ba, ta iya lissafi. Kada farantin ya hana ta aji.

Mai martaba, daga inda muke zaune zuwa ƙofar Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Kwame Nkrumah, motar trotro ɗaya ce. An buɗe ta a matsayin kwaleji a 1952, ta zama jami'a a 1961. A can Farfesa Francis Allotey ya koyar da lissafi, a can Dakta Thomas Mensah, haifaffen Kumasi, ya yi karatu kafin ya yi suna a Amurka wajen ƙera zaren gilashin da ke ɗauke da intanet. Tun 2017 sakandare kyauta ce. 'Ya'yanmu da ke Suame Magazine suna kwance injin mota su mayar ba tare da takarda ba. Basira ba ta yi mana ƙaranci ba. Hannu ɗaya dai ba ya ɗaukar jinka. Ina kira ga masu hali, da ƙungiyoyin matasa, da 'ya'yan Zongo da ke ƙasashen waje, kowa ya ɗauki nauyin wani abu: littafi, ma'auni, madubin ƙara girma, ko alawus ɗin malami. Malaman da suka sadaukar da hutunsu kuwa, ba mu da abin biyanku. Allah ya biya ku.

'Ya'yana, takardar da za ku karɓa tana shaida cewa kun fara, kuma da rarrafe yaro kan tashi. In kun koma gida yau, ku zauna kusa da kakarku, ku tambaye ta yadda take sanin ƙullu ya yi. Ku saurara da kyau. Sannan ku ce, "Kaka, zo mu gwada tare."

Allah ya buɗe ƙwaƙwalwarku, ya ba ku ilimi mai amfani da ladabin riƙe shi. Allah ya jiƙan magabatanmu da suka kafa Zongo, ya ƙara zaman lafiya tsakaninmu da masu masaukinmu, ya albarkaci Asanteman da Ghana baki ɗaya.

Da izinin Mai martaba, ina gayyatar ɗalibanmu su taso ɗaya bayan ɗaya su karɓi takardunsu.