AMSOSHIN WASIƘUNKU: Wasan Harbi Bisa Kiɗa, Me Masu Buga Shi Ke Cewa?

  

Yau wasiƙu biyu muka ɗauko daga kudancin Jihar Sakkwato, kuma da yake a kan abu ɗaya suke magana, sai muka haɗa su. Ta farko daga garin Tambuwal ta fito, daga wani ɗan kasuwa da ya ce a sakaya sunansa. Yana da rumfar cajin waya, a bayanta kuma ya ajiye akwatin wasa na PlayStation 4 guda biyu, inda samari ke biya su buga wasan ƙwallo. Ya ce ƙanensa da ke karatu a Sakkwato ya dawo hutu yana ta zuga shi a kan wani wasa da ake harbi ana bin kiɗa, wai duk duniya yabonsa ake yi. To, yana da albasa da ya adana yana jiran ta yi kuɗi. Shin ya sayar ya ƙaro akwati da talabijin saboda wannan wasa?

Ta biyu kuwa daga wani manomi ce a ƙasar Kebbe, wajen Kuchi. Ya ce ɗansa mai shekara 15 ya gano irin wannan wasa a wani gidan wasa ranar kasuwa, tun daga nan yaro ba shi da zance sai shi, har ya yi fashin dashen shinkafa kwana biyu. Ya ce, mu da muke kwana da ido ɗaya saboda 'yan bindiga, anya wannan abu ba koya wa yara harbi yake yi ba?

To madalla, mun gode da waɗannan tambayoyi. Bari mu fara da bayanin wasan kansa.

Malam, ka san lugude? Mata uku a turmi ɗaya, wannan ta sauke taɓarya, waccan ta ɗaga, wata ta cilla tata sama ta tafa hannu ta cafe. Idan ɗaya ta yi gaggawa ko ta yi jinkiri, sai taɓare su yi karo. Ko kuwa ka tuna ranar gayya, makaɗi na bin manoma da ganga, kowace hauya na sauka tare da gula. To, asirin wannan wasa ke nan. Mai wasa yana kallon talabijin, dodanni na fitowa, shi kuma yana harbinsu da bindiga ta hoto. Amma akwai sharaɗi: sai lokacin da ganga ta faɗi zai danna. Harbi, da ɗura harsashi, da gocewa, duk sai bisa kiɗa. A tsakiyar hoton akwai wasu alamu da ke tahowa daga dama da hagu, inda suka haɗu nan ne bugun yake.

Abin ya daɗe. Tun 2001 kamfanin Sega na Japan ya fitar da wani mai suna Rez, wanda ya gwama harbi da kiɗa. Amma waɗanda samari suka fi ambata biyu ne. Na farko shi ne BPM: Bullets Per Minute, ma'ana harsashi nawa a minti ɗaya, wanda wani ɗan ƙaramin kamfani a Ingila mai suna Awe Interactive ya fitar a watan Satumba na 2020 don kwamfuta, ya kuma hau PlayStation 4 a 2021. Na biyu shi ne Metal: Hellsinger, na wasu mutanen Suwidin da ake kira The Outsiders, wanda ya fito a Satumba na 2022. A cikin BPM, in ka danna ba bisa kiɗa ba, bindiga ma ba ta tashi. A cikin Hellsinger tana tashi, amma harbin ba ya da ƙarfi. In kuwa ka yi ta dacewa da bugu, makinka na ninkuwa har sau 16, kuma sai ka kai nan ne za ka ji muryar mawaƙi ta shigo. Wato kamar filin dambe, sai ɗan dambe ya yi abin kirki makaɗi ke ɗaga murya ya wasa shi.

Shi BPM irin wasannin nan ne na masu zaman kansu, wato mutane 'yan kaɗan su zauna su ƙera abinsu, ba tare da babban kamfani mai ɗaruruwan ma'aikata ba. Kamar maƙerin garinku ne da masana'antar birni. Irin waɗannan sukan fi araha, sukan zo da sabuwar dabara, amma kuma sukan zo da 'yan kurakuransu.

Yanzu sai mu zo ga abin da masu buga shi ke cewa. Akwai wata kasuwa ta intanet mai suna Steam, inda ake sayar da wasannin kwamfuta. Wanda ya buga wasa yakan rubuta ra'ayinsa a can, ya nuna ya yaba ko bai yaba ba, kuma a gefen maganarsa ana nuna awa nawa ya yi yana bugawa. A kan waɗannan wasanni biyu, gaskiyar ƙanen mai Tambuwal, masu yabo sun fi yawa nesa ba kusa ba.

Me suke yabawa? Abu na farko, suna cewa akwai wani lokaci da kunne da yatsa ke haɗuwa, mutum ya daina ƙirga bugu, jiki ya riƙa yi da kansa, har ka ga yana kaɗa kai yana buga ƙafa bai sani ba. Duk wanda ya taɓa shiga sahun gayya ya san wannan daɗi, lokacin da gajiya ke gushewa kunya na ta ƙarewa. Na biyu, suna yabon kiɗan kansa. Na uku, suna cewa sun gaji da wasannin manyan kamfanoni masu kama da juna, wannan kuwa sabon abu ne.

Amma kada mu tsaya a nan, don masu ƙorafi ma suna da hujja, kuma ɗan kasuwa ƙorafin ya kamata ya fi kasa wa kunne.

Ƙorafi na farko shi ne wuya. A cikin BPM, in dodo ya kashe ka, komawa farko za ka yi, duk abin da ka tara a wannan zagaye ya tafi, kuma ɗakunan da za ka bi sun sake tsari. Sabon shiga yakan mutu tun bai gane gabas da yamma ba. Waɗanda suka daure suka ƙware su ne masu yabo. Da yawa daga waɗanda suka kasa sun ajiye shi tun daren farko.

Na biyu shi ne launi. Masu wasa da dama sun koka cewa hoton BPM ja ne wur da ruwan goro mai ƙyalli, yana gajiyar da ido, wasu har ciwon kai, wani lokaci ma ba ka bambance dodo da bango.

Na uku, jinkirin sauti. Wani talabijin yakan yi ɗan jinkiri kafin ya nuna hoto, haka abin sauraro na kunne maras waya yakan makara kaɗan. A wasan ƙwallo ba ka damuwa da wannan. A nan kuwa ƙiftawar ido ta isa ta ɓata maka harbi, ka yi ta zargin yatsanka alhali laifin na'ura ne. Akwai wurin daidaitawa a cikin wasan, amma sai wanda ya sani.

Na huɗu ya shafi Hellsinger: masu wasa na cewa gajere ne, ƙwararre kan gama shi cikin 'yan awoyi, kuma manyan dodanninsa duk kusan kama ɗaya suke.

To, mai Tambuwal, ga inda gizo ke saƙar. Waɗannan masu yabo, kowa a ɗakinsa yake, da kwamfutarsa, da wutar da ba ta ɗaukewa, ba mai jiran ya tashi. Kai kuwa haya kake bayarwa, lokaci kake sayarwa. Wasan ƙwallo mutum biyu ke zama, ga 'yan kallo a baya ana musu ana shewa, wanda aka ci ya ce a sake. Su waɗannan biyu kuwa mutum ɗaya ke buga su. Sannan wasa ne na kunne. Ina kunne zai ji ganga ga janareta na ruri a bayan rumfa, ga motocin Jega da Sakkwato na wucewa, ga mai sayar da magani da lasifikarsa? Kuma yaron da ya biya kuɗinsa ya mutu cikin minti biyu, gobe ƙwallo zai koma.

Saboda haka shawararmu, kada ka yi cinikin biri a sama. Bar albasarka ta jira kasuwarta. Tun da kana da akwati biyu, sa wasan a ɗaya, ka nemi abin sauraro mai waya, ka gwada kasuwa huɗu ko biyar. Ɗauki littafi ka riƙa rubuta abin da kowane akwati ya kawo, ka cire kuɗin mai. Ka lura da waɗanda suka dawo suka sake biya, don su ne masu faɗa maka gaskiya, ba waɗanda suka zo ganin baƙon abu ba. In lissafi ya nuna riba, sai ka ƙaro akwati da ribar.

Mu koma ga manominmu na Kebbe. Malam, tsoronka yana kan hanya, don a yankinmu ƙarar bindiga ba abin wasa ba ce. Abin da ake harbi a waɗannan wasanni dodanni ne na zane. Na BPM an ɗauko su daga tatsuniyoyin mutanen arewacin Turai na dā. Shi Hellsinger kuwa labarinsa a cikin wuta ake yinsa, irin yadda Turawa ke suranta ta, da aljanu da kiɗa mai tsananin ƙara. Wannan ya kamata uba ya sani, ya je da ƙafarsa ya gani, gani ya kori ji. Hukuncinsa kuma sai a tambayi malamai.

Batun koyon ta'addanci, ƙungiyar masana halayyar ɗan'adam ta Amurka ta bayyana a 2020 cewa wasannin faɗa kan ɗan ƙara wa yaro zafin rai, amma babu isasshiyar hujjar cewa su ke sa mutum ya aikata kisa ko ta'asa. Danna maɓalli daban, riƙe makami daban. Abokan da yaro ke zama da su a gidan wasan sun fi cancanta ka sa wa ido.

Abin da ya fi kusa da gidanka shi ne wancan fashin dashe na kwana biyu. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa jarabar wasannin na'ura cikin jerin cututtuka, ta kuma ba da alamu uku: mutum ya kasa tsayar da kansa, ya fifita wasa bisa sauran harkokin rayuwarsa, ya kuma ci gaba ko da yana ganin ɓarnar da yake yi masa. Galibi sai abin ya kai kamar shekara guda ake kiransa cuta, don haka kada ka ɗauka ɗanka ya kamu. Amma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ƙasar Sin ma a 2021 ta yanke wa yara 'yan ƙasa da shekara 18 awa ɗaya kacal ta wasan intanet a ranakun Juma'a, Asabar, Lahadi da ranakun hutu.

Kai ma yanka masa naka. Ranar kasuwa, bayan an tashi daga gona, awa ɗaya, da kuɗin da ya samu da guminsa. In ya yi fashin aiki ko makaranta, wannan mako babu. Duka da kora sai su sa ya koma yi a ɓoye. Abu biyu kuma na lafiya: yaron da ke da farfaɗiya a nisanta shi da wasanni masu walƙiyar haske, don sukan tayar wa wasu da ciwon, sannan a rage ƙarar abin kunne, don ji in ya tafi ba ya dawowa. In kuma ka ga yaron da gaske yana da kunnen kiɗa, to ranar gayya sa shi a gaban sahu, a ga ko hauyarsa za ta bi ganga yadda yatsansa ke bi.

To jama'a, lokaci ya yi mana halinsa, a nan za mu dasa aya. Masu sauraronmu na Dogon Daji da Jabo da Sanyinna da suka aiko tambaya a kan ajiyar albasa, ku yi haƙuri, mako mai zuwa in Allah ya kai mu da ku za mu fara. Ku ci gaba da aiko da wasiƙunku. Mu kwana lafiya.