Wake yana buhu, gawayi ya gagara: jawabi ga iyayen gida a taron ƙungiya



   Ni ba malama ba ce, hatsi nake sayarwa a kasuwa a nan Kumasi, kuma ina cikin masu rabon abinci na wannan ƙungiya. In na yi kuskure a gaban manya, a gafarce ni.

Azumin da ya wuce mun kai shinkafa da wake da mai gidajen marayu da matan da mazajensu suka rasu a Aboabo da Asawase. Bayan Sallah na koma gaishe da wata tsohuwa daga cikinsu. Shinkafa ta ƙare, mai ya ƙare, amma wake yana nan a buhu har ƙwari sun fara shiga. Na ce, "Mma, waken ne bai yi miki ba?" Ta ce, "'Yata, wake mai kyau ne. Gawayin da zai ci kafin ya nuna ne ba ni da kuɗinsa." Kunya ta kama ni. Mun kai abinci, ba mu tambayi wutar da za a dafa shi da ita ba. Dalilin tsayuwata ke nan yau.

Duk mai girki ta san inda wuta ke tafiya. Soya ƙwai ko dafa shayi ba su ke cinye gas ba. Masu cinye shi su ne wake, ganda, ƙafar saniya, kayan ciki, naman tsohuwar kaza, wato abin da ke zama a kan wuta awa 2 ko 3 ana ƙara ruwa, tururi yana tashi sama. Wannan tururin da kuke gani kuɗinku ne ke tashi. Ku kuma maza masu ba da kuɗin cefane, da ke cewa "yaushe aka cika silinda har ta ƙare?", ku saurara da kyau, amsar tana cikin tukunyar wake.

Bari in fara da tukunyar firesha, wadda ake kulle murfinta, mai roba a baki da ɗan ƙarfe a sama mai yin shuu. Ruwa a buɗaɗɗiyar tukunya ba ya wuce zafin digiri 100, ko da kin zuba masa buhun gawayi. Ƙara wuta ba ya ƙara masa zafi, ƙafewa kawai yake yi da sauri. Amma in aka kulle tururi ya rasa hanyar fita, zafin yana kai wajen digiri 120. Wannan ƙarin ne ke sa waken da aka jiƙa tun dare ya nuna cikin minti 10 zuwa 15 daga lokacin da tukunya ta fara ƙara, ƙafar saniya kuma cikin abin da bai kai awa 1 ba. Sirrin kuma shi ne, da ta fara ƙara sai a rage wuta can ƙasa. Wadda ta bar wuta a sama tukunya tana ihu ba ta rage komai ba, ta dai tayar wa maƙwabta hankali. A gidana silinda mai kilo 14.5 takan yi mana wajen mako 5. Da na koma dafa wake da nama a wannan tukunya, sai ta fara kai mako 7. Lissafin gidana ne, na wani zai bambanta da yawan bakin da yake ciyarwa.

Na san abin da ke ran iyayenmu mata. Tun fashewar gidan gas na Atomic Junction a Accra a watan Oktoba na 2017, duk abin da ke huci a kicin tsoro yake ba mu. Tsoron yana da dalili, amma tukunyar nan tana da ƙa'ida, kuma ni da kaina na taɓa karya ta. Farkon sayenta na cika ta da wake kusan baki, na jefa kanwa kamar yadda na saba. Wake ya kumbura, kumfa ta toshe ƙofar tururi, sai 'yar ƙofar kariya da ke jikin murfi ta buɗe, ruwan wake ya yi tsiri har silin. Allah ya kiyaye babu yaro a kusa. Laifina ne, ba na tukunya ba. Nama da miya kada su wuce kashi 2 cikin 3 na tukunya. Wake da duk abin da ke kumbura kada ya wuce rabi. Kanwa ba a bukatarta a ciki. Kafin ki ɗora, ɗaga murfin ki leƙa ramin tururi ta wajen haske, ki tabbata a buɗe yake. Kada a taɓa dafawa ba ruwa. In an sauke, a bar ta ta huce har ɗan ƙarfen ya sauka da kansa, kada a buɗe da ƙarfi don baƙo yana jira. Robar baki in ta tsage ko ta saki, a sake ta. Saboda haka ma kafin ki saya ki tambayi mai kanti ko ana samun robar irinta, don akwai tukwane da yawa a gidajenmu da suka koma mazubin ruwa saboda rashin roba.

Ba kowane abinci ke shiga ba. Tuwo zafi yana son muciya da hannu, koko da kunu suna toshe rami, suya kuma ba a yin ta a kulle. Masu waken safe na sayarwa, ku dafa waken da karan dafi a firesha, sannan ku juye a babbar tukunya ku zuba shinkafa. A kan kurfoti ma tana aiki, sai dai da ta fara ƙara a kwashe rabin garwashi, a kuma kula kada harshen wuta ya ci mariƙinta.

Ta biyu ita ce tukunyar lantarki mai dahuwa a hankali, wadda 'ya'yanmu na Ingila da Amurka ke yawan yabo a waya. Ana zuba nama da kayan miya da safe, a tafi kasuwa, a dawo da yamma a tarar ya yi laushi. Wutar da take ja kaɗan ce, wajen wat 200. In ta yi awa 8, ta ci yunit 1 da rabi da ɗan wani abu. Risho na lantarki mai wat 1,500 kuwa, awa 2 kawai ya cinye yunit 3 a mitar ECG. A can Landan, inda wuta ba ta ɗaukewa kuma kowa da mitarsa, abu ne mai kyau ƙwarai.

A nan zango sai a yi tunani. Mun ga dumso na shekarun 2014 da 2015, har yau kuma wuta takan tafi ba sallama. In ta ɗauke da hantsi kina kasuwa, naman zai wuni a ruwan ɗumi, ba ɗanye ba, ba dafaffe ba, kuma irin wannan ne ke kwantar da gida gaba ɗaya da ciwon ciki. Ga gidajen haya masu mita 1 da ɗaki 10, inda ake raba kuɗin wuta da ƙirga ƙwai da fanka. Ki kunna tukunya awa 8 a irin wannan gida, ko wutar da ta ci ba ta da yawa, sai kin yi shari'a da mutanen gida. Ra'ayina, mai mitar kanta da ke wuni a gida ta saya, sauranmu mu haƙura. In kuma ɗanki na Amurka zai aiko, ki gaya masa wutarsu 120 ce, tamu 230. Aka cusa ba tiransifoma, nan take ta ƙone. Ta Ingila ba ta da wannan matsala. Abu ɗaya kuma kada a manta: jan waken nan babba na Turawa, sai an jiƙa shi an tafasa shi sosai minti 10 a kan wuta kafin a sa shi a wannan tukunya, domin yana da dafin da zafi kaɗan ba ya kashewa.

To, Mma da irinta, da ba su da kuɗin ko ɗaya daga cikin biyun fa? Akwai dabarar da ba ta cin ko sidi 1. A jiƙa wake tun dare. A tafasa shi sosai minti 15 zuwa 20 da murfi mai kama baki. Sai a sauke, kada a buɗe, a sa tukunyar cikin kwando ko kwali da aka shimfiɗa wa tsohon bargo ko tsummoki masu tsabta, a lulluɓe ta ko'ina, a ɗora matashi a kai. Zafin da ke ciki zai ci gaba da aiki. Bayan awa 3 ko 4 wake ya nuna, gawayi kuma tuni an kashe shi an ajiye na gobe. Shinkafa minti 5 na tafasa ya ishe ta kafin a lulluɓe. In an daɗe har tukunya ta huce, a sake tafasawa kafin a ci. Na gwada wa Mma a ɗakinta da bargon jikanta. Da muka buɗe ta ɗebo wake ta murza da yatsa, ta dube ni ta ce, "Ashe shekara da shekaru iska nake dafa wa abinci."

Roƙona ga shugabannin ƙungiya shi ne, a rabon bana a rage buhu 2 ko 3 na shinkafa, a sayi tukwanen firesha ko da 5 ne, a ajiye a gidajen da ke da marayu da yawa, matan gida su riƙa karɓa bi da bi. Na san wasu dattawa za su ce sadakar abinci ta fi, kuma malamai na nan, su za su faɗa mana. Ni dai abin da na gani da idona shi ne buhun wake da ƙwari suka ci.

Ranar Asabar bayan la'asar zan kawo tukunyata da kwando a harabar makaranta, mu dafa wake a gaban kowa. Mai tsohuwar firesha a ƙarƙashin gado ta zo da ita har da murfin, mu duba robar.